Fodkas: Haihuwar Yesu ta wurin budurwa, ina aka haɗu, ina aka rabu?

Saratu: Jama'ar Maradi barkanku da war haka, sanyi ya shigo, Nowel ta matso. Yau ina tare da Baba Fasto Iliya da Malam Sani. Baba, mu fara da kai, mi Kirista ke nufi in ya ce Allah ya zama mutum?

Fasto Iliya: To ɗiyata, magana biyu ce mutane ke cuɗawa. Akwai haihuwa ta wurin budurwa, wannan Matiyu da Luka, marubuta bishara cikin Linjila, suka kawo ta, Luka ya ce mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu a Nazarat tana tashin Yusufu, ta ce ta yaya haka za ta yiwu tunda ban san namiji ba. Sannan akwai ta biyun, wadda Yahaya ya buɗe bishararsa da ita, cewa Kalman da ke tare da Allah tun fil'azal ya zama mutum ya zauna cikinmu.

Malam Sani: Ai ta farkon Fasto ba mu da gardama da ku ko kaɗan, Suratu Maryam ta kawo ta, Musulmin da ya ce Annabi Isa yana da uba ya bar hanya. Amma a Ali Imrana aya ta 59 an kwatanta shi da Annabi Adamu, shi ko uwar ma ba ya da ita, kuma ba wanda ya ce Adamu Allah ne.

Fasto Iliya: Wallahi hujjarka ta zauna Malam, kuma har cikin majami'a ina jin masu cewa wai rashin uba ne ya maida Yesu Allah, wannan ba koyarwarmu ba ce. Mu cewa muke yana nan tun kafin cikin ya shiga, haihuwar alama ce, ba ita ta yi shi ba. Markus ko labarin haihuwar bai kawo ba, daga baftisma ya fara abinsa.

Saratu: Ni hwa Yusufu ke ba ni tausayi. Ka kai kaya, an sa rana, sai a ce yarinya na da juna biyu, a unguwarmu da kafin magariba labari ya kai Tibiri.

Fasto Iliya: Shi ya sa Matiyu ya ce ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce don kada ya tona mata asiri, sai da mala'ika ya zo masa cikin mafarki.

Malam Sani: To amma wanda ya sha nono, ya ji yunwa, ya yi barci, ta ina ya zama Allah?

Fasto Iliya: Tambayar nan ta sha kan magabata shekaru aru-aru. Ariyus, wani malamin Kirista na Iskandariya, ya ce Ɗan, wato Yesu, halitta ne, taron shugabannin Kirista na garin Nikiya a shekara ta 325 ya ƙi, ya ce ainihinsa ɗaya da Uba. A taron garin Afisa, shekara ta 431, rigimar a kan Maryamu ce, ko a kira ta uwar Allah, Nestoriyus, bishop na Konstantinoful, ya ƙi, aka tsige shi. Sai taron garin Kalsidon a 451, aka tsaya kan cewa Yesu mutum ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken ɗan Adam, ba a gauraya ba, ba a raba ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha ba su amshi wannan lafazin ba har gobe.

Malam Sani: Ashe ku ma kun ja daga tsakaninku. Ni dai ina kan Ƙulhuwallahu, bai haifa ba, ba a haife shi ba.

Fasto Iliya: Mu ma ba mu ce Allah ya yi aure ya haihu ba Malam, wanda ya faɗi haka saɓo ya yi.

Saratu: Baba tsaya nan, lokaci ya ci mu, maganar Ɗan Allah sai mako mai zuwa. Malam Sani za ka dawo ko?

Malam Sani: In Allah ya kai mu, amma a sa ta bayan la'asar.