Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Farfesan Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Shugaban asibiti, malamanmu, likitoci, nas-nas da ɗalibai, sai kuma babban baƙonmu, ranka ya daɗe Farfesa, lale marhabin, sannu da hanya, ya gajiyar tafiya?

A madadin sashen tiyata nake maka maraba. Gaskiya mun daɗe muna ɗokin zuwanka, don wajen da ka zo koya mana, gindin ƙoƙon kai, waje ne da ko manyanmu sai sun nutsu sosai kafin su sa wuƙa. Rami uku ne, na gaba da na tsakiya da na baya, ƙwaƙwalwa na zaune a kai, ga ƙofofi birjik da jijiyoyi tagwaye 12 ke fita ta cikinsu, ta gani, ta ji, ta motsa fuska, ta haɗiya, sannan ga babbar ƙofar nan da laka ke sauka ta ciki.

Ni dai inda ya fi ɗaure min kai shi ne wajen fitutari. Ɗan abu ne kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, mai fitar da sinadaran da ke daidaita ayyukan jiki, amma mahaɗar jijiyoyin gani na samansa, manyan jijiyoyin jini na karotid na dama da hagu, tazarar 'yan milimita ce kawai. Shi ya sa in ƙari ya fito a nan sai mutum ya daina ganin gefe, yana ta cin karo da ƙofa, shi a zatonsa tabarau yake buƙata, har lokaci ya ƙure.

Tun 1907 Hermann Schloffer ya bi ta hanci ya cire irin wannan ƙari a Innsbruck, Harvey Cushing ya ci gaba a Amurka, Jules Hardy ya shigo da madubin ƙara girma, yau kuma kyamara ake zurawa. Amma fa kyamara ba ta faɗa wa likita ina karotid take, wannan sai wanda ya san wajen ciki da bai, kuma ba a fara koyonsa a kan mara lafiya. Ga matsalar ruwan ƙwaƙwalwa in ya riƙa yoyo ta hanci bayan aiki, sanƙarau na iya biyo baya, muna roƙo ka ɗan tsaya mana a kan yadda kake toshe wajen.

Ɗalibai ku matso gaba, kar kunya ta hana ku tambaya. Allah ya saka da alheri Farfesa, bismilla, ga makirufo.