Lacca: Daga Ina Jadawalin Shirin Lafiya Zai Fito?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa ma'aikatan rediyon al'umma, kafin ku zauna taron tsara shirye-shirye, ku tura mutum ɗaya ƙaramin asibitin yankinku. Ya zauna da jami'ar lafiya, su buɗe rajistar bara, wata bayan wata. Kada ya ɗauko sunan kowa, adadi kawai muke so. A nan za ku ga watan da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, da lokacin da gudawa ke tashi, da yawan matan da suka zo awo sau ɗaya ba a sake ganinsu ba. Jadawalinku ke nan.

Sai maganar lokaci, kuma ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Shirin gidan sauro da aka fara bayan gadajen asibiti sun cika, wallahi ya makara. Ku fara tun ruwa bai sauka ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya duk wata a lokacin damina, a yankunan da zazzaɓin ke bin damina. To, me uwa ke bukatar ji daga bakinku? Ranar da masu rabo za su zo, da kuma cewa maganin na kwana 3 ne. Na ranar farko kaɗai ake ba yaron a gabansu, sauran biyun a hannunta suke. Idan ba ta ji wannan ba, sai ta ajiye shi.

Haka ruwan gishiri da sukari: lita 1 na ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Mai sauraro ba biro a hannunta, watakila ma yaron na kuka a bayanta. Ku faɗa a hankali, ku maimaita. In likitan da kuka gayyato ya shiga kalmomin makaranta, ku tare shi cikin ladabi ya sauko.

Ku kuma buɗe layin waya, domin nan jita-jita ke fara nuna kanta. A ajiye littafi kusa da mai gabatarwa, duk tambayar da aka yi a rubuta. Wadda ta maimaitu, a kai wa jami'ar lafiya, a sa amsarta a shirin mako mai zuwa.