Farfesa Nii Quaynor da Aikin da Ba a Lissafawa a Jami'a

Assalamu alaikum masu sauraro. Sharhinmu na yau a kan wani malamin jami'a ne ɗan ƙasar Ghana, Farfesa Nii Quaynor, wanda ake yi wa laƙabi da uban intanet na Afirka.

A Amurka ya yi karatun jami'a: digirin farko a fannin injiniya a kwalejin Dartmouth a 1972, sai digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a jami'ar Stony Brook ta jihar New York a 1977. Daga nan ya kama aiki da kamfanin Digital Equipment, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera kwamfuta a wancan zamani. Da wani ne, da ya miƙe ƙafa a can, ga albashi mai tsoka, ga kayan bincike. Shi kuwa tun 1979 ya sa hannu aka kafa sashen kimiyyar kwamfuta a jami'ar Cape Coast, lokacin da tattalin arzikin Ghana ke cikin mawuyacin hali, malamai na ficewa, da yawansu ma Najeriya suka nufa neman aikin koyarwa.

A farkon shekarun 1990 ya tattara ya koma gida. Kamfaninsa, Network Computer Systems, shi ya haɗa Ghana da intanet kai tsaye a 1995, ta shiga sahun farko a Afirka ta Yamma.

To, inda nake so mu tsaya shi ne abin da ya biyo baya. Jawo layi abu ne na kuɗi, duk mai hali zai iya. Samun wanda zai kula da layin, ya san yadda na'urori ke miƙa wa juna saƙo, ya gano inda matsala take idan sadarwa ta tsinke da tsakar dare, wannan kuɗi ba ya sayensa a rana ɗaya, sai an horar. Shi ya sa Quaynor ya jagoranci kafa AfNOG, ƙungiyar injiniyoyin sadarwa na Afirka, wadda ta fara taro a Cape Town a 2000. Ba taron jawabai ba ne, a'a, zaunar da matasa ake yi gaban na'ura, su haɗa, su lalata, su gyara. Taron yana zagaya ƙasashe, a 2007 ma Abuja ce ta karɓi baƙuncinsa.

Sai batun lambobi. Duk na'urar da ke kan intanet sai da lambar adireshi, kuma a da kamfanin sadarwa na Afirka sai ya nema daga hukumomin Turai, Amurka ko Asiya. Quaynor ne shugaban farko na hukumar gudanarwar AFRINIC, wadda ta samu cikakkiyar amincewa a 2005 domin raba wa nahiyar lambobinta, hedikwatarta a tsibirin Moris. Kafin nan, a 2000, an zaɓe shi wakilin Afirka a hukumar ICANN mai kula da sunayen shafuka na duniya.

Yanzu a ɗauki wannan aiki a kai gaban kwamitin ƙarin girma na jami'a, inda ake ƙirga maƙalun da malami ya wallafa. Maki nawa za a ba horar da injiniyoyi? A ganina akwai gyara a ma'aunin, domin a wannan fanni rabin ilimin a ɗakin na'urori yake, ba a mujalla ba. 'Yan fannin dai sun san darajarsa: sun ba shi lambar yabo mai sunan Jon Postel, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gina intanet, a 2007.

Sai dai ginin bai tsira daga girgiza ba. Rikici da wani kamfani a kan miliyoyin lambobi ya jefa AFRINIC cikin shari'a, aka rufe asusunta na banki a 2021, ta zauna ba hukumar gudanarwa, har kotu a Moris ta naɗa mata mai riƙo a 2023. A tsawon rikicin, gwamnatocin Afirka ƙalilan ne aka ji muryarsu, alhali da lambobin wannan hukuma bankunansu da jami'o'insu ke aiki.

A huta lafiya.