Sharhi: Alli da Tabarma a Birnin Venice

Jama'a masu sauraro, duk bayan shekara biyu ƙasashen duniya kan kai gwanayen zane da sassaƙa babban baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya. A shekarar 2024 manyan kyaututtukan zinariya biyu sun tafi hannun 'yan asalin ƙasashen da Turawa suka mamaye.

Archie Moore, ɗan ƙabilun Kamilaroi da Bigambul na Ostireliya, wanda ya ci ɗaya daga ciki, da alli ya yi aikinsa. Ya mayar da bango da rufin ɗakin da aka ware wa ƙasarsa a wurin baƙin allo, ya kwashe makonni yana rubuta salsalarsa da hannu, kaka da kakanni, har shekara 65,000 baya. Wanda ya matsa kusa zai tarar da gurabe babu suna, inda kisan kiyashi ko annoba ko ɓatan takardu suka yanke zuri'a. Zai kuma ga kalmomin wulakanci da 'yan mulkin mallaka suka laƙaba wa mutane maimakon sunayensu na yanka. A tsakar ɗakin ga tebur, ruwa ya kewaye shi, an jibga takardun binciken mutuwar 'yan asalin ƙasar da suka rasu a hannun 'yan sanda ko a kurkuku. Tun 1991 da hukumar bincike ta gwamnati ta miƙa rahotonta kan wannan masifa, fiye da mutum 500 sun sake mutuwa a tsare.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zaɓin allin. Hannun riga kaɗai ya isa ya goge shi. Haka aka so a yi wa waɗannan mutane, aka raba 'ya'ya da iyayensu, aka hana su harshensu, amma ga jikansu tsaye yana lissafo su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaya kyautar ta Mataaho ce, ƙungiyar mata huɗu 'yan Maori daga New Zealand. Sun ɗauko saƙar tabarmar da ake shimfiɗawa a bukukuwansu, har da na haihuwa, suka saƙa ta da igiyoyin ɗaure kaya a manyan motoci, suka rataya ta saman mashiga, kowa sai ya bi ta ƙarƙashinta.

An daɗe ana kulle irin wannan saƙa cikin gilashi a gidajen tarihin Turai, ana nuna ta tamkar kayan al'ummar da ta shuɗe. Masu ita kuwa suna nan da ransu, hannunsu bai manta ba.

Sai dai ina da damuwa. Kyautar zinariya ba ta mayar wa kowa ƙasar kakanninsa ba, ba ta kuma fito da kowa daga kurkuku ba. Gwamnatin da ta yi alfahari da nasarar Moore, ita ce dai har yau ake jira ta kammala aiwatar da shawarwari 339 na rahoton 1991.