Yadda ake zaɓa wa bakteriya wurin zama

Akwai wani hoto na ƙwayoyin bakteriya da suka jeru layi-layi a kan gilashi, tsakanin layukan kuwa fayau. Da yawa sun ɗauka guba aka zuba a tsakanin layukan ta kashe sauran, alhali ko ɗaya ba a kashe ba.

Farkon aikin ba shi da wuya. Ana yin hatimi mai zanen layuka da robar silikon, a shafa masa sinadari, a danna shi a kan gilashin da aka lulluɓe da zinare, sannan a cike inda bai taɓa ba da wani sinadarin dabam. George Whitesides da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard ta Amurka ne suka fito da dabarar a 1993.

To, a nan ake ruɗewa, don haka mu bi a hankali. Bakteriya ba kasafai take sauka a kan gilashi tsurarsa ba, domin furotin da ke yawo cikin ruwa ko jini shi ke riga ta sauka, ya yi mata shimfiɗa. Wuraren da ke fayau a tsakanin layukan, wani sinadari mai suna polyethylene glycol (PEG) aka sa musu, shi kuwa aikinsa riƙe ruwa a jikinsa gam, ta yadda furotin ba ya samun wurin zama. Idan babu shimfiɗa, bakteriya sai ta taɓa ta wuce da ranta. Ku tuna mai ƙunshi idan ta manna salatif a ƙafar amarya: salatif ɗin bai ɓata lallen ba, ya dai hana shi kamawa a wurin. Layukan kuwa an sa musu abin jan hankali, ko dai cajin lantarki kishiyar na jikin bakteriya, ko sukarin manos wanda gashin jikin wata bakteriya mai suna E. coli ke kamawa.

Ni abin da ya fi damuna shi ne robar fitsari da ake sa wa marasa lafiya a asibiti, inda bakteriya ke taruwa su yi yauƙi irin wanda kuke ji a cikin randar da ta daɗe ba a wanke ba, kuma da zarar yauƙin ya kafu, magani ba ya ratsa shi da sauƙi. A nan ne ake son shafi irin na PEG ya yi amfani, sai dai PEG yana lalacewa a hankali, bakteriyar da ke kan layi kuma tana hayayyafa har ta tsallaka iyaka, shi ya sa masu bincike ke ci gaba da neman shafin da zai fi shi ƙarko a jikin mutum.