Ba a haifi kowa da karatu ba: lacca kan ƙwaƙwalwa da littafi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ana ji na a baya? Na can ƙarshe ku ɗaga hannu in gani. Yauwa, madalla. Minti 40 aka ba ni, kuma mai gabatarwa ya nuna min agogo tun ban buɗe baki ba (dariya), don haka abubuwa huɗu zan faɗa in sauka: yadda karatu ke canza ƙwaƙwalwa, amfanin da yake mata in an tsufa, yadda mutum zai saba da shi, sai na huɗu alaƙarsa da cin nasara a rayuwa. Huɗu ne fa, ku riƙe min lissafi don na san halina.

Toh na farko. Ba a haifi kowa da karatu ba. Magana daban take, yaro ka ajiye shi cikin mutane kawai, ba wanda zai zaunar da shi ya ce yau darasin magana za mu yi, kafin shekara uku ya ishe ka da surutu har kana roƙonsa ya yi shiru. Amma karatu in ba a koya masa ba, zai shekara 80 yana kallon rubutu a matsayin tafiyar tsutsa. Me ya sa? Saboda rubutu baƙo ne, jiya jiya ya zo. Wajen shekara 5,000 ke nan da aka fara shi a Mesofotamiya, wato Iraƙi ta yau, a kan allunan yumɓu, kuma ba wasiƙar soyayya aka fara rubutawa ba, lissafin kaya da dabbobi ne, wane ya kawo kaza, wane ya karɓi kaza. Ɗan adam kuwa ya daɗe yana magana kafin nan, daɗewa mai nisa sosai.

Ƙwaƙwalwar nan da ke kanku tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, akwai wajen gani, akwai wajen ji, akwai wajen magana, amma ba ɗakin da aka gina aka rubuta a ƙofarsa na karatu ne. Toh ya ta yi da baƙo ya zo ba ɗaki? Abin da kowa ke yi, sai a share wani lungu a shimfiɗa masa. Wani masani ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, shi ya fi shahara da wannan binciken. Akwai wani ɗan wuri a gefen hagu na ƙwaƙwalwa, can ƙasa ta baya, asalin aikinsa gane siffofin abubuwa, maƙwabcin wajen gane fuskoki ne, in ka koyi karatu sai wannan wurin ya koma wajen gane harufa. Shi yana ce masa akwatin harufa. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, ko Faransanci mutum ke karantawa ko Sinanci, ko daga hagu ake fara rubutun ko daga dama, kusan wuri ɗaya ne a kan kowa. Lungu ɗaya duk duniya aka share wa baƙon nan.

A 2010 shi da abokan aikinsa suka tara manya 63 a Barazil da Fotugal, 10 ba su iya karatu ba sam, 22 sun koya da girmansu, 31 sun koya tun suna yara, aka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna musu rubutu da fuskoki da gidaje da sauransu. Sai aka ga iya ƙwarewar mutum a karatu iya yadda akwatin nan ke motsawa in ya ga rubutu, har a waɗanda suka koya da girma. Ku riƙe min mutum 22 ɗin nan, ina son su. Aka kuma ga a daidai wurin amsawar da ake wa fuska ta ɗan ja baya, aikin ya fi karkata ɓangaren dama. Ba wai mai karatu ya daina gane mutane ba fa, kar gobe ka haɗu da wanda ke bin ka bashi ka wuce ka ce Malam ya ce littafi ne ya cinye wajen (dariya).

Bari in ba ku abin da na gani a gidana. 'Yata tana shekara biyar, ta kwanta rub da ciki, harshe a waje, ta damƙe fensir kamar za a ƙwace mata, ta rubuta baba amma abin da ya fito a takarda dada. Na gyara, gobe ta sake. Wata rana ma sunanta ta rubuta gaba ɗaya a juye, sai ka kara shi da madubi zai karantu. Na yi mata faɗa, na ce ba ta maida hankali, har yau abin na damuna, don ba laifinta ba ne. Ku duba kofin nan da ke gabana. Hannunsa na dama, kofi ne. Na juya shi, hannunsa na hagu, me ya zama? Kofi dai. Haka aka gina ido da ƙwaƙwalwa, zaki ya fuskanci gabas ko ya fuskanci yamma zaki ne, wanda ya tsaya bambantawa ba ya kai labari. Sai ga mu mun zo wa yaro da b da d, abu ɗaya ne aka juya, muka ce masa wannan daban wancan daban. Kun ga ba koyo kawai yake ba, warware wata tsohuwar ɗabi'a yake, kuma yara da yawa sai sun bi ta wannan matakin. Mu kuma da Hausa ba mu tsaya nan ba, muka ƙara musu ƙugiya a ka. Bara, ɓara, dara, ɗara. Kalma huɗu, ma'ana huɗu, bambancin duka sanda ce da ɗan ciki da ɗan lanƙwasa. Yarinya 'yar shekara biyar! Wallahi jinjina ya kamata in yi mata.

Kuma fa, wannan zan faɗa ko lokaci ya ƙare, in hanyar ta ginu ba ka iya hana kanka karatu. Gwada ka kalli allon talla a titi ka ce ba zan karanta ba. Ka riga ka karanta. A 1935 wani Ba'amurke mai suna Stroop ya nuna haka, ka rubuta kalmar JA da koren biro ka ce wa mutum ya faɗi launin tawadar da sauri, sai ka ji ya yi tuntuɓe, bakinsa na son cewa ja, don karatun ya riga shi fita. Ku gwada da yaranku a gida, wanda bai iya karatu ba shi zai cinye ku a wasan. Sannan idon ma ba tafiya yake sumul a kan layi ba, tsalle yake kamar fara, ya dira ya tsaya kamar kwatan sakan ya sake tsalle, wani lokacin ya koma baya. Ka sa wani ya karanta ka zuba wa ƙwayar idonsa ido za ka gani. A'a ba yanzu ba, ɗan'uwa na layi na biyu, bar kallon idon mutane (dariya).

Me nake son cewa da duk wannan? In ka ce kai karatu na gajiyar da kai, shafi biyu barci, ba ƙarya kake ba kuma ba daƙiƙanci ba ne. Hanya ce da aka gina da hannu, in ba a bi ciyawa na rufe ta, in ana bi ta yi laushi. Ba a haifi kowa da shi ba, na faɗa zan sake faɗa.

An miƙo min takarda. Saura minti 12?! Innalillahi. Toh na biyu, da gudu. Tsufa. A jami'ar Rush da ke Chicago an bibiyi tsofaffi 294 har suka rasu aka duba ƙwaƙwalwarsu, sakamakon ya fito a 2013, waɗanda suka yawaita karatu da rubutu da makamantansu a tsufansu raguwar tunaninsu ta fi ta matsakaicin mutum jinkiri da kashi 32 cikin 100, ko bayan an yi la'akari da lalacewar da aka gani a ƙwaƙwalwar. Masana na ce wa wannan ajiyar ƙwaƙwalwa, kamar gari ne mai hanyoyi da yawa, in gada ɗaya ta karye akwai zagaye. A jami'ar Yale kuma, 2016, mutum 3,635 'yan sama da shekara 50, an bi su shekara 12, masu karanta littafi sun ɗara marasa karantawa tsawon rai da wajen wata 23. Amma ku ji ni da kyau, irin wannan binciken alaƙa yake nunawa, mai karatu sau da yawa shi ne mai ilimi da halin zuwa asibiti, masu binciken sun yi ƙoƙarin cire wannan a lissafi amma littafi ba allurar rigakafin gigin tsufa ba ne. Wanda ya ce maka magani ne sayar maka da wani abu zai yi.

Na huɗu... na uku ko? Na gode 'yar'uwa, ke kaɗai ke riƙe da lissafin. Sabo. Kun sha jin wai kwana 21 ake saba da abu, ku ajiye wannan. A Landan wata mai bincike, Phillippa Lally, ta bibiyi mutum 96 da suka ɗauki sabuwar ɗabi'a, tsaka-tsakin lokacin da abin ya zame musu jiki kwana 66 ne, wani 18 wani har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Wannan na ƙarshen shi ne nawa, don mu da mun fasa kwana ɗaya sai mu ce shi ke nan an ɓata. Ni da ke tsaye nan ina da littattafai a kanta da ko ledarsu ban cire ba, saye nake ina jin kamar na karanta. Abin da ya cece ni ba wani ƙarfin hali ba ne, cajar waya na fitar daga ɗakin kwana, na ɗora littafi a kan filo da safe, dare ya yi sai na ɗaga shi kafin in kwanta, tunda yana hannu sai in ce shafi biyu kawai. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kaɗan. In littafi ya gundure ka ajiye shi ka ɗauki wani, ba aure kuka ɗaura ba. In ka gama ka rufe ka faɗa wa kanka abin da ka karanta da bakinka, an gwada wannan a 2006, ɗaliban da suka rufe takarda suka tuno sun fi masu maimaita karantawa riƙewa bayan sati guda.

Nasara kuma, a taƙaice don mai gabatarwa ya miƙe tsaye. Ni ban yarda da masu cewa karanta littafi 50 ka zama attajiri ba. Abin da na sani, kuma wani masani mai suna Keith Stanovich ya yi bayaninsa tun 1986, mai karatu kalmominsa na ƙaruwa, karatun ya ƙara masa sauƙi, sai ya ƙara karantawa, wanda bai fara ba tazara ta yi ta buɗewa. Kuma wanda ya saba zama da dogon rubutu shi ke karanta yarjejeniya har ƙarshe kafin ya sa hannu, har ƙananan layukan nan na ƙasa. Tambaya? Ɗaya aka ce. A kai wa Baba makirufo.

(Wani dattijo ya ce shi da girmansa ya koyi karatu, a hankali yake yi, yanzu kuma ido ya fara hazo, ɗansa ya sa masa littattafan saurare a waya, shin wannan ma karatu ne ko yaudarar kai?)

Allah ya ƙara lafiya Baba. Ai ku ne mutum 22 ɗin da na ce a riƙe min, akwatin nan kun gina shi da hannunku da girmanku, ba ƙaramin abu ba ne. Saurare kuwa ba yaudara ba ne. A 2019 a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley an sa mutum tara sun saurari labarai sun kuma karanta su a rubuce ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, wuraren da ma'anar kalmomi ke motsawa kusan iri ɗaya suka fito. Ta kunne ko ta ido, ma'ana gida ɗaya take sauka. Bambancin kawai, sauti ba ya jiran mutum, hankali ya tafi shi ya wuce, don haka ku riƙa tsayarwa kuna komawa baya, kuma kar a haɗa shi da hira. Shi kuma akwatin harufa ido ne ke ba shi aiki, ko layi biyar a rana kar ku bari.

Amma Baba kafin komai a je a auna idon nan. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa na raguwa ga kusan kowa, mutum ya fara miƙa takarda nesa har hannu ya ƙare, da yawa sun bar karatu suna zaton sha'awa ce ta tafi alhali tabarau kawai suke buƙata. In kuma hazo ne kamar yadda kuka ce, yana iya zama yanar ido, ita ma ana cire ta, likitan ido ne zai faɗa. Ɗan naku yana nan? Toh kai samari, ka kai su a satin nan, kuma kafin ku fita ka nuna musu inda ake ƙara girman rubutu a wayar, yana cikin saitin. Akwai wata tambayar? Mai gabatarwa ya ce babu, har ya kama wayar makirufon. Toh, wassalamu alaikum.