Darasi: Haɗa eriya mai hannu biyu da bulalar mota

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Yau mun fito bayan gari ne, muna cikin wata gonar gero a ƙasar Gumel. An riga an yi girbi, ga kara can an tattara. Ɗan ƙanena ne ke riƙe da waya yana ɗauka, in kun ji na ce matso ko ja baya, da shi nake.

Ku fara duban ƙasar da nake tsaye a kai. Bari in ɗebo muku. Rairayi ne zalla, busasshe, irin jigawar da jiharmu ta samo sunanta. Wannan ƙasa ita ta jawo darasin yau. Eriyar bulala, irin wadda ake kafawa a bayan mota, rabin eriya ce, ɗaya rabin kuwa ƙarfen jikin motar ne. In ka cire ta daga mota ka kafa a fili, dole ka nemo abin da zai tsaya a madadin motar, wato ka shimfiɗa wayoyi da yawa a ƙasa kewaye da gindinta. In ba ka yi haka ba, a rairayi irin wannan, yawancin ƙarfin da rediyonka ya fitar ƙasa ce za ta shanye. To sai masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa, suka ce, tunda bulala ɗaya rabi ce, a kawo ta biyu mana, a haɗa su gindi da gindi, kowace ta zama cikon 'yar'uwarta. Abin da ake kira daifol ke nan, eriya mai hannu biyu. Ba ta neman mota, ba ta neman waya a ƙasa.

Wani zai ce, Malam, ai da wayar wuta ma ana yin daifol, kuma ta fi araha. Gaskiya ne, kuma ta fi wannan ƙarfi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku yi lissafi. Ana raba 143 da megahaz ɗin da kake so, wato lambar wurin da za ka kama a rediyo, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. A 14.2, wato sashen rediyo da ake kira zangon mita 20, za ka sami mita 10 da ɗan ɗoriya. A 7.1, zangon mita 40, mita 20 ne da ɗan ɗoriya. Kuma sai ka sami inda za ka ɗaura bakin nan da bakin can. Ku waiga gonar nan. Gawo ɗaya ne, sai waccan aduwar can nesa. Bulala biyu kuwa, kowace wajen mita biyu da rabi, duka ba su wuce mita biyar ba, sanda ɗaya tak ke ɗauke da su, kuma da hannu kake juya su duk inda kake so. In an gama a kwance, a ɗaure a bayan babur.

Matso, ɗana, su ga jikinta. Kashi biyu ce. Na ƙasa sandar fiba ce, an naɗe mata siririyar waya an rufe da baƙar roba, in ka shafa za ka ji naɗin. Wannan kwayil ɗin shi ke sa gajeriyar sanda ta amsa kamar doguwa. Na sama tsinken ƙarfe ne mara tsatsa, yana shiga yana fita, ƙananan sukurori ne ke riƙe da shi, ana kwance su da alanki. Kowace bulala da zangonta. Ta mita 20 ba za ta yi aikin mita 40 ba, don haka biyun da za ka saya su zama zango ɗaya, ƙirar kamfani ɗaya. Ni daga waje aka sayo mini nawa.

Yanzu ga wurin da mutane ke ɓata kaya, a nan zan ɗan daɗe. Ku dubi zaren gindin nan. Awonsa na Amurka ne, inci 3/8, zare 24 a kowane inci. Inci 3/8 milimita 9.5 ne, ya yi kusa da notin milimita 10 da ke cike a kasuwanninmu. Za ka ɗora, ya shiga zagaye ɗaya ko biyu, sai ya cije. In ka sa sifana ka matsa, ka cinye zaren, bulalar ta tashi daga aiki. Da yatsa kawai ake gwadawa. In bai tafi sumul ba, ba nasa ba ne. Ka ɗauki bulalar da kanta ka je da ita wajen masu noti a Sabon Gari, ko ka kai wa mai injin yanka zare, ka gaya masa awon.

Ga abin da zai riƙe su a tsakiya. Akwai na sayarwa, amma wannan ni na haɗa. Farantin roba ne mai kauri, irin wanda ake yanka albasa a kai, na yanko kamar tafin hannu biyu. Na ɗaura masa ƙarfe biyu masu lanƙwasa, ɗaya yana kallon dama, ɗaya hagu, kowane da dogon notinsa. A tsakiya ga soket SO-239, inda ake jona wayar da ke zuwa rediyo. Ƙusar tsakiyar soket ta tafi hannun dama, jikin soket ya tafi hannun hagu, da gajerun wayoyi masu kauri, na like su da dalma. Gajeru nake cewa, domin duk abin da ka ƙara a nan ya zama jikin eriya. Ƙarfe biyun nan kada su taɓa juna, kada su taɓa maɗaurin sanda. Ga maltimita. Hannun dama da na hagu, shiru, madalla. Ƙusar tsakiya zuwa ƙarshen tsinke, kun ji ta yi ƙara, ke nan kwayil bai tsinke a ciki ba.

Wayar da za ta sauko zuwa rediyo, kowaks RG-58 ce mai om 50. Na san wayar dish ta fi sauƙin samu, amma om 75 ce, kuma saƙar jikinta yawanci alminiyom ce, ba ta kama dalma.

Sai wannan zoben. Feret ne, lamba FT240-43, na naɗa masa kowaks ɗin sau 12, dab da inda ta fito daga soket. Aikinsa ya tare wutar da ke son biyo bayan waya ta dawo ƙasa. In babu shi, wayar kanta sai ta zama hannu na uku, awonka ya riƙa canzawa duk sanda ka taɓa ta, wani lokaci ma makirfo ya ɗan cije ka a leɓe. A gajeriyar eriya irin wannan, ni ba na fita ba tare da shi ba.

Ga wani dattijo ya tsaya yana tambayar abin da muke kafawa. A'a, Baba, ina kwana? Ina gajiya? Lafiya lau, alhamdu lillahi. A'a, ba na kamfanin waya ba ne, rediyo ce, da ita muke gaisawa da mutanen wasu ƙasashe. Jiya na je na gaida Mai Unguwa na yi masa bayani. Amin, Baba, na gode, a sauka lafiya.

To kun gani. Wannan ma cikin darasin yake. A halin da ƙasa ke ciki, duk wanda ya ga baƙo ya kafa sanda da waya a bayan gari yana da haƙƙin ya tambaya. Ka fara gaida Mai Unguwa ko Dagaci, ka nemi izinin mai gona, takardar lasisinka tana aljihu. Sauraro kowa na iya yi, amma aika magana sai da lasisin gwamnatin tarayya da lambar kira. Lambobin Najeriya da 5N suke farawa, na maƙwabtanmu Nijar da 5U. Akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS, mai son farawa ya neme su.

Sandar ɗagawa gora ce, biyu na haɗa, sun ba ni kamar mita shida. Igiya uku, turke uku. A rairayi gajeren turke ba ya riƙewa, sai dogo, a karkace shi baya. Kafin ka ɗaga, ɗaga kanka tukuna ka dubi sama. In akwai wayar lantarki a inda sandar za ta iya kaiwa in ta faɗi, ka bar wurin gaba ɗaya. Da damina, hadari na haɗowa ka sauke. Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kaɗawa tana tara wuta a jikin eriya, don haka in ba aiki kake ba, zare wayar daga rediyo. Ɗana, ajiye wayar a kan buhu ka kama igiyar can. Bismillah. Ja kaɗan. Yawwa, ta tsaya.

Saura gyaran awo, kuma sannu ba ta hana zuwa. Wannan 'yar na'urar NanoVNA ce, na riga na saita ta a gida. Tana nuna mini SWR, wato yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ya juyo baya. Muna son ya sauka ƙasa da 2, in ya kusanci 1.5 mun gode Allah. Ku dubi layin, ya yi rami kamar kwari. Gindin ramin yana kan 14.050, ni kuwa 14.200 nake so, wajen masu magana da murya. Ka'idar guda ce: in ramin yana ƙasa da inda kake so, eriya ta yi tsawo, a tura tsinke ciki. In yana sama, a jawo shi waje. Kuma abin da ka yi wa dama, shi za ka yi wa hagu, da tef ɗin awo, ba da ido ba.

Mun sauke, na rage santimita 2 kowane gefe, mun sake ɗagawa. Ya koma 14.110. Na san da wahala, sauke a ɗaga, sauke a ɗaga, amma kada ka auna tana ƙasa. Kusancin ƙasa da jikinka suna ja da awon, da ka ɗaga sai ka tarar ramin ya gudu. Wani abu kuma, kada tsinke ya nutse har ya shiga cikin kwayil. In ya yi tsawo haka, gara ka yanke ɗan gindinsa da zarto, kaɗan kaɗan, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Na ƙara rage santimita 3. Ga shi, 14.200, SWR 1.4. Sai a ɗaure sukurori, a naɗa salatef a daidai bakin tsinken. Gobe in ka zo, minti goma ka kafa.

Amma ku lura da faɗin ramin, kun ga siriri ne. Haka gajeriyar eriya take, wurin da take amsawa kaɗan ne. A mita 20 da 17 da 15 da 10, kowane zango da nasa bulalun, tana aiki sosai, domin tsawonta bai yi nisa da na cikakkiya ba. A mita 40 kuwa, mita biyar ne ke ƙoƙarin yin aikin mita ashirin, ramin ya ƙara tsukewa, ƙarfi mai yawa ya ƙare a kwayil ya zama zafi. A mita 80 abin ya fi haka. Kada kyawun SWR ya ruɗe ka, shi dai yana gaya maka eriya ta karɓi wuta ne, bai gaya maka nawa ta watsa ba. Duk da haka ina riƙe da na mita 40 guda biyu, da babu gara ba daɗi. A wannan tsayin siginarta sama take tashi ta sauko a kewaye, kuma ita ake bukata in ana son magana da Kano, Damagaram ko Maiduguri. Duk wanda ya ga yadda ambaliya ke yanke garuruwan bakin kogin Haɗeja ya san amfanin abin da batir ɗaya da gora ɗaya za su tayar.

Batir ɗin na bolt 12 ne. Rediyo mai wat 100 yana jan wajen amfiya 20 lokacin magana, don haka ni a wat 20 ko 30 nake tsayawa. In kana da inbata ko na'urar cajin sola a kusa, kashe su, ƙara suke zubawa. Kuma kada yaro ya taɓa ƙarshen tsinke ana cikin aikawa, yana ƙona fata.

Daifol ta gefenta take ji, ba ta tsininta ba. Turai tana arewa da mu, don haka tsini ɗaya ya kalli gabas, ɗaya yamma. Da haka ka fuskanci Turai, bayanka kuma Afirka ta Kudu. In Amurka kake nema, sai ka juya gefen ya kalli arewa maso yamma. Ɗana, murɗa gorar kaɗan. Ya isa, tsaya nan.

Bari mu kunna. Kun ji shirun nan? A cikin birni, da janareto da caja ko'ina, ba za ka taɓa samun haka ba. Ina juyawa a hankali. Tsaya, ga wani can yana kira, lambarsa da I ta fara, ɗan Italiya ne. Muryar tana da rauni yanzu, zuwa la'asar zangon zai fi buɗewa. Ɗana, kawo littafin da biro, ka rage awa ɗaya daga agogonmu, da lokacin UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, ake rubutawa. Miƙo mini makirfon, ku yi shiru kaɗan in amsa masa.